Saƙon Baba Tanko

Tun da na dawo daga Jidda bakina bai huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, da ya kurɓi Zamzam ya jefa dabino a baki sai ya gyara zama ya ce, “To Isiyaku, ba mu labari.” Abokaina na dandalin ƙofar gidanmu a Kazaure sun fi kowa matsa mini, kuma duk a kan wani hoto ne da na zo da shi: mu uku tsaye gaban wani karkataccen tanti, ruwa a bayanmu ba iyaka. Kullum tambayarsu ɗaya ce: “Wai da hankalinku kuka bar ɗaki mai rufi kuka je kuka kwana a rairayi?” Nakan ba su rabin labarin, rabin da ake dariya. Ɗaya rabin na mutumin da ya ɗauki hoton ne, shi ya sa ba ya ciki, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau na ce bari in rubuta shi duka ko na samu sauƙi.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira na tashi daga Kano, na samu gurbin karatun Larabci a wata makaranta a Jidda. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Kusa da ni aka zaunar da wani dogon Bazazzagi mai suna Bala, shi ma makarantar za shi, kuma tun kafin a rufe ƙofa ya sanar da ni cewa shi ba ya tsoron komai. Jirgi na ɗagawa na ji an damƙe mini gwiwa, bai sake ta ba sai da muka yi nisa. Daga ranar muka zama abokai, don na riƙe masa wannan sirri, shi kuma ya san na riƙe.

Da aka buɗe ƙofa a Jidda zafi ya tarbe mu. Zafin Kazaure busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na can jiƙaƙƙe ne, a inuwar ma gumi kake yi. Aka duba fasfo da katin rigakafi, sannan aka zo kan akwatuna. Innata ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji a tsumma. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya da sauri, ya tambaye ni wannan kuma mene ne. Na tattaro duk Larabcin da na karanta a zaure na yi masa bayani, wasali ko ɗaya ban ci ba. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita, suka yi dariya har da dukan tebur, suka miƙo mini daddawata suka ce in wuce. A ranar na gane Larabcin littafi daban, na titin Jidda daban.

An sauke mu a wani tsohon bene, mu shida a ɗaki, da fanka guda mai kukan tsiya. Karin kumallo kullum ful ne, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka malala masa mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Sati biyu ina mafarkin koko da ƙosai, daga baya na saba, yanzu kuma ga ni a gida ina kewar ful ɗin. Abin da na daɗe ban saba da shi ba shi ne gaisuwarsu. Ƙato da gemunsa zai rungume ka ya manna maka kumatu dama da hagu. Ranar farko da aka yi wa Bala haka sandarewa ya yi, kamar wanda aka kama da kayan sata.

Kafin in taso, wani tsoho a unguwarmu ya ce in na isa in nemi wani Tanko maɗinki a Ruwais, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ruwais tsohuwar unguwa ce kusa da teku, lunguna kamar na cikin birnin Kano. Na same shi a wani ɗan shago yana taka keken ɗinki. Ina yin sallama na ce daga Kazaure nake, sai ƙafarsa ta tsaya cak. Ya sa na zauna, ya riƙa tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun rasu tun kafin a haife ni. A ƙafa ya zo aikin hajji yana saurayi. Ya ratso Barno da Wadai, ya yi ƙwadagon auduga a Sudan shekara da shekaru, sannan ya haye teku a jirgin ruwa daga Sawakin. Ya yi aure a Jidda, matar ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu, shi kuma bai sake ganin gida ba.

Babban ɗansa Umar sa'ana ne, bakanike ne a wani gareji. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ta yi masa nauyi, ya fara da Hausa ya ƙarasa da Larabci. Mutum ne mai kiran suna. Magana ɗaya sai ya ce “ya Is'haƙ” sau uku, don haka Larabawa suke faɗin Isiyaku. “Ya Is'haƙ ka ci abinci? Yalla ya Is'haƙ, zo mu je.” Shi ya raka ni na karɓo iƙamata, takardar izinin zama, shi ya koya mini yadda ake ciniki a kasuwa ba a gane ni baƙo ne tun daga sallama.

Na lura da wani abu a gidan, amma ban ɗauke shi komai ba. Baba Tanko yakan kira Fatima, ya kira Salihu, ya kira Aminu. Umar kuwa sai dai “kai,” in kuma ba ya wurin, “wancan.” To ni me zai ba ni mamaki? Kunyar ɗan fari ce, kowa a gida ya san ta. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya kira sunan yayana ba, kuma ba wanda yake ji da shi kamarsa. Amma a Jidda abin a juye yake. A can da sunan ɗan fari ake yi wa uba kirari, a ce Abu wane, shi kuma ya amsa yana washe baki. Maƙwabtan Baba Tanko Larabawa sukan leƙo shago su ce, “Ya Abu Umar,” sai tsohon ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke kamar bai ji ba. Umar yana tsaye yana kallo. Na ga hakan ya fi sau goma, ban taɓa tambayar kaina yadda yake ji ba.

A shekarata ta biyu Umar ya samu aiki a gabas, can yankin man fetur, tafiyar kwana biyu a mota. Ran Asabar zai tashi. Ya ce kafin nan sai mun fita bahar, wato bakin teku, mun kwana, haka samarin Jidda suke ban-kwana. Na ce a garinmu ba mai kwana a daji sai mafarauci da makiyayi da wanda mota ta lalace masa. Ya yi dariya ya ce, “Za ka gani ya Is'haƙ.”

Ran Laraba da yamma na biya shagon Baba Tanko. Ya ba ni ƙunshin kilishi da ya yi da hannunsa ya ce mu tafi da shi. Na tashi zan tafi ya ce in zauna. Ya daɗe yana warware zare a yatsa kafin ya yi magana.

“Wancan zai tafi gabas,” in ji shi. “Ba don aikin zai tafi ba, aiki yana da shi a nan. Na ga ransa ba daɗi da ni.”

Na ce, “Haba Baba, ai Umar ba shi da kamarka.”

“Kai a gida ka tashi, ka san yadda muke. Shi a nan ya buɗe ido, uwar da za ta fahimtar da shi kuma ba ta nan. Ɗan farina ne. Sunan da ke kansa kuma na mahaifina ne. A bakin zaure na bar tsohon tsaye, na ce masa shekara biyu zan yi in dawo.” Ya ajiye zaren. “Ta yaya bakina zai kama wannan suna? Na gwada ni kaɗai a ɗaki, ya ƙi fita. In kun zauna can bakin ruwa, ka gaya masa. Ni ba zan iya ba.”

Na ce, “Baba, ka ɗauka an gama.” Wallahi haka na ce, da ƙarfina, har da dafa ƙirji.

Ran Alhamis bayan azahar muka tashi mu huɗu: ni da Bala da Umar da direbanmu Haruna. Haruna Bahaushen Sudan ne da ke zaune a unguwar Kurayyat, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake dakon kaya da ita. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, in ya yi magana sai in riƙa jin kamar kakata ce ta yi gemu. Umar ya zauna gaba, ni da Bala muka hau baya tare da tanti da tukunya da buhun gawayi. Muka bi ta unguwar Mahjar muka yi kudu. Gidaje suka ƙare, can gaba muka sauka daga kwalta muka kama hanyar rairayi, kowane rami sai da ƙashin bayana ya san da shi.

Kafin mu isa ruwa muka tarar da shingen masu gadin gaɓar teku. Aka ce kowa ya fito da takardarsa. Bala ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya dube ni. Ya bar iƙamarsa a ƙarƙashin matashi, wai kada ruwa ya jiƙa ta. Ni kuma da shisshigi na matsa gaba zan ba da haƙuri, na ɓarke da Larabcina na littafi. Sojan ya saki baki yana kallona, ya juya ga na kusa da shi ya ce, “Wannan huɗubar Juma'a ya fara tun ran Alhamis?” Suka kwashe da dariya. Haruna ma ya juya baya yana dariya. Umar ne kaɗai bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce wa sojan da harshensu, “Ɗalibin ilmi ne, daga ƙasa mai nisa ya zo. Yadda yake magana haka ya kamata ni da kai mu yi.” Sojan ya gyara fuska. Umar ya ba da tasa takardar ya ce shi ya tsaya wa Bala, aka ɗaga mana sanda muka wuce.

Ba zan ɓata muku lokaci da kwatanta teku ba, don ba zan iya ba. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, ga iska, ga wani ƙarni-ƙarni. Mu dai aiki ne ya sha mana kai. Muka kafa tanti, turakun suka ƙi kama rairayi, iska ta zo ta ɗauke shi muka bi shi da gudu. Sai da Haruna ya ɗaure gefe guda a jikin mota, muka danne sauran da duwatsu, shi ne karkacewar da kuke gani a hoton. Sannan aka zo maganar ruwan sha. Jarka uku aka ba Bala ya cika, ya cika ɗaya. Da aka tambaye shi sai ya ce, “Wurin ruwa za mu zo, kuma mu yi dakon ruwa?” Haruna ya ɗebo na teku a moɗa ya miƙa masa ya ce, “Bismillah, ɗan Zazzau.” Ya kurɓa don kada a ce ya ji tsoro. Yadda fuskarsa ta koma, har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Bayan la'asar muka sayi kifi wurin wani masunci da ya fito da ɗan kwalekwalensa. Haruna ya buɗe gaban mota yana duba wani abu, Bala ya tafi tsintar kwanson wuri wai zai kai wa ƙannensa. Ni da Umar muka zauna muna hura gawayi. Ga lokacin ya zo da kansa, ba kowa sai mu biyu. Ina cikin shirya yadda zan fara, don ina so in tsara maganar ta yi kyau, sai shi ya riga ni. Ya bar Larabci ya kama Hausa, a hankali, da alama ya daɗe yana haɗa kalmomin a ransa.

“Ya Is'haƙ, ina so tambaya. Kai ɗan gida ne, ka sani. Babana... don me ba ta kira sunana? Ta kira Salihu, ta kira Aminu. Ni, kai, kai. Babana ba ta so ni?”

Amsar tana bakina. Magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba. Daidai nan Bala ya iso da hularsa cike da kwanson wuri, ya ce, “Me ake ƙus-ƙus ba ni?”

Ku da kuka san ni kun san halina. In na ga wurin ba'a ba na iya wucewa, tun muna makarantar allo haka nake, kuma an sha dukana a kai. Na dubi Bala, na langaɓar da kai, na kwaikwayi muryar Umar na ce, “Wai babansa ba ta so shi. Baba Tanko ta zama Hajiya Tanko.”

Bala ya zube a rairayi yana dariya, kwanson da ya tsinto ya watse. Shi “ta” ɗin kawai ya ji, bai san tambaya ce ta gaske ba. Ya ƙwala wa Haruna kira ya maimaita masa, aka sake sabuwar dariya. Umar ma ya yi murmushi. Ya juya kifin da ke kan wuta ya ce, “Halas, ya wuce, ya Is'haƙ, manta.” Daga nan bai sake furta kalmar Hausa ko ɗaya ba har muka bar wurin.

Nan take na san na yi ɓarna. Mutumin da ɗazu ya hana soja yi wa Larabcina dariya, shi na tara wa mutane a kan Hausarsa. Amma sai na ce a raina bari abin ya huce, gobe da safe zan ja shi gefe in ba shi haƙuri in isar da saƙo. Muka ci kifi da shinkafa, muka ci kilishin Baba Tanko. Umar ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya ci. Muka yi sallar magariba da isha, ƙaguwa suka fito daga ramuka suka hana Bala sakat, muka kwanta.

Da safe bayan mun yi sallah Umar ya jera mu gaban tanti ya ɗauki hoton nan. Na ce bari in ɗan shiga ruwa sannan mu yi magana. Ya ce in sa takalmi, na ce ni da na yi wanka a dam ɗin garinmu ba takalmi. Taku biyar na yi na taka wani abu baƙi mai ƙayoyi kamar bushiya, ƙayoyin suka kakkarye a tafin ƙafata. Na kurma ihun da ban san ina da shi ba. Umar ne ya shigo ya goyo ni ya fito da ni. Ya ɗora sauran ruwan shanmu duka a wuta, ya tsoma ƙafar a ciki, ya matsa lemon tsami, ya zauna da allura yana cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Ya fi awa guda ƙafata na kan cinyarsa, kansa a sunkuye dab da ni. Ba wani lokaci da ya fi wannan. Ni kuwa ban da “wayyo ƙafata” ba abin da ya fito daga bakina.

Muka tattara kaya da hantsi don mu samu Juma'a a gari, sai mota ta nutse a wani wuri mai laka da gishiri a samansa. Muka haƙa, muka cusa duwatsu da tabarma, rana ta take, ba ruwan sha. Ni ina zaune a inuwar mota da ƙafa a naɗe, su uku suna fama. Sai bayan la'asar motar masu gadin nan ta biyo ta ja mu, suka ba mu ruwa. Juma'a dai ta wuce mu. A hanyar dawowa Umar yana gaba, ni ina baya, gilashi tsakaninmu. Muka isa masaukinmu ana kiran magariba. Ya riƙe ni har saman bene, ya ce in riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi. Na ce, “Gobe zan zo kafin ka tafi, akwai magana.” Ya ce to. Na ɗauka motar yamma zai bi. Da na ɗingisa na isa Ruwais ran Asabar da azahar, Salihu ya ce ai tun asuba ya tafi.

Baba Tanko yana kan kekensa. Bai ɗago ba ya ce, “Ka gaya masa?”

Na ce, “Mun yi magana, Baba.”

Ya ce, “To, madalla.” Ya ci gaba da ɗinki.

Wannan ƙaryar ta fi ba'ar da na yi muni. Na bar tsoho yana zaton ɗansa ya ji komai, kuma duk da haka ya tafi.

Za ku ce me ya hana ni rubuta wasiƙa. Na rubuta. Umar ba ya karanta Hausa, sai na kama da Larabci, na zo kan kalmar kunya na maƙale. Duk kalmar da na ɗauko sai in ga kamar cewa nake mahaifinka yana ƙyamar a san kai ɗansa ne, abin da kuwa yake zargi ke nan. Na yaga ta, na sake wata, na yaga. Na ce gara baki da baki in ya zo hutun sallah. Gaskiyar magana kuma, ina jin nauyin in rubuta cewa tun a bakin teku saƙon yana hannuna. Sai jarrabawa ta zo na fake da ita.

Wata huɗu bayan nan Baba Tanko ya kwanta, kwana uku ya yi ya cika. A can ba a jira, a ranar aka kai shi. Zaman makokinsu ma daban ne, kujeru ake jerawa a titi bayan magariba, ba tabarma irin tamu ba. Umar bai iso ba sai ranar uku. Washegari da hantsi na same shi a shagon, yana zaune kan bencin da nake zama, an rufe keken ɗinkin da zane. Na yi masa gaisuwa. Da Larabci ya amsa.

“Salihu ya ce har ya mutu bai kira ni ba,” in ji shi. “Kullum sai ya dubi ƙofa ya ce, wancan ya zo? Wancan ya zo? Ko a bakin mutuwa ni wancan ne.”

A nan na gaya masa. Ban tsara komai ba, Larabcin ma a karye ya fito, inda ya gagara na sa Hausa. Na ce a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, kuma ba ƙi ba ne, girman abin ne ya fi ƙarfin baki. Na ce sunan kakansa ne a kansa, wanda aka bari tsaye a bakin zaure. Na gaya masa yadda tsohon ya gwada faɗin sunan shi kaɗai a ɗaki ya kasa, da abin da ya sa yake sunkuyar da kai in an ce Abu Umar. Hawaye suka riƙa zubo masa bai share ba.

Can ya ce, “Yaushe ya gaya maka wannan?”

“Ran Laraba, ana gobe za mu fita bahar.”

“Lokacin da na tambaye ka, ka sani?”

“Na sani. Shi ya aiko ni.”

Ya daɗe yana kallon keken. Na so ya zage ni, ko ya tashi ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya rufe shagon, muka fito tare, kowa ya kama hanyarsa.

Bai koma gabas ba, ya zauna ya riƙe ƙannensa. Ni kuma sauran watannin da na yi a Jidda ban sake iya taka Ruwais ba. Na kama hanya sau biyu, ina hango lungun in juya.

Ranar da zan dawo gida ina tsaye a filin jirgi da akwatina, Bala na ta faman ɗaure nasa da igiya, sai na ga Umar yana ratso mutane. Ban san wanda ya gaya masa ba. Ya miƙo mini ambulan, hoton nan ne a ciki. Ya rungume ni irin tasu, dama da hagu. Ina jira in ji “ya Is'haƙ,” mutumin da ba ya iya magana ɗaya bai faɗe shi sau uku ba. Ya riƙe hannuna, ya dubi ƙasa, ya yi magana da Hausa, karo na farko tun bakin teku, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba.

“Kai,” in ji shi, “ka sauka lafiya.”

Ya juya ya tafi. Tun daga Jidda har Kano ina juya wannan “kai” ɗin a raina, kuma har yau ban san wanne ba ne, irin na mahaifinsa ne ko kuwa sunan nawa ne ba ya son ya sake ji a bakinsa. Na aika masa wasiƙa biyu, ina jiran amsa.